Katantanwa a Filin Maraɗi

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina kwana a Madarumfa, ina wuni a Maraɗi. Aikina buga takardu ne a wani shago da ke kusa da babbar kasuwa: takardar neman aiki, katin biki, rahoton ƴan ƙungiya, duk abin da mutum ya rubuto da hannu yana so ya ga ya fito tsaf. Na iya aikina, ba yabon kai ba. Abin da na kasa iyawa har yau shi ne kama hayar gida a Maraɗi.

Ba don ban nema ba. Tun shekarar farko na sha yawo unguwa-unguwa in an tashi daga aiki. Ɗaki biyu da ɗan tsakar gidan da ko akuya ba za ta sake a ciki ba, sai a faɗa maka kuɗin da ya kusa cinye rabin albashinka, a kuma ce sai ka ba da na wata da watanni a dunƙule. In ka ji tsada bana ka tafi, baɗi in ka dawo sai ka tarar an ƙara. Garin kullum cika yake yi, mutane na kwararowa daga ƙauyuka har da ƙetaren iyaka, ɗakunan kuwa ba haihuwa suke yi ba. Sai na haƙura na zauna inda nake, a gidan ƙasa na iyayen maigidana, inda ba mai ƙwanƙwasa mana ƙofa a ƙarshen wata. Shi maigidan nawa gyaran injin ban-ruwa yake yi wa masu lambu a bakin tabki, aikinsa ba ya rabuwa da Madarumfa.

Tsakanin garin da nake kwana da garin da nake wuni akwai wata tsohuwar mota. Direbanta dattijo ne, duk muna ce masa Baba direba. Ba ya tashi sai ta cika, ko wa ke ciki, ko wane irin sauri yake yi. Mu na kullum mun kai biyar ko shida, kowa da wurinsa. Nawa bayan direba ne, jikin taga, kuma in baƙo ya zauna nan, tun kafin in iso an tashe shi. In mun kai gangara Baba direba kashe injin yake yi, motar ta sulale shiru don a rage shan esansi, wato man fetur. A ƙasan gangarar ya tayar da ita, ta yi tari, ta saki baƙin hayaƙin da ke sa masu moto, wato babur, a bayanmu su toshe hanci suna yi mana daƙuwa. A bayan motar kuma ba a rasa bahon wata ƙawata mai kai kifin tabki kasuwa.

Kifin nan shi ya fara ɓata mini rai da Madarumfa. Duk turaren da na fesa, kafin mu kai Maraɗi ƙarni ya ci shi. Ina sa ƙafa a shago abokan aiki za su ɗaga hanci su ce ƴar tabki ta iso. Wasa suke yi, na sani, kuma ina ramawa, don ba a fi ni baki ba. Amma ranar da mota ta mutu a hanya na iso da hantsi, mai shago ya dube ni ya dubi agogonsa, wannan kallon ya fi zagi ciwo. Ga shi ina fita bayan sallar asuba, ba na dawowa sai dab da magariba. Autata ta yi rarrafe, ta miƙe, ta fara takawa, duk labari aka ba ni. Wannan kam ya ci mini rai, har yau in na tuna ba na jin daɗi.

Ana nan, wata rana wani mutum ya kawo takardun wani taro in buga masa. A kan hayaƙin motoci ne, yadda yake taruwa a sama yana ƙara wa duniya zafi, yana rikita damina. Ni in ina bugu ina karantawa, halina ne. A ciki an yi bayanin cewa in gari ya faɗaɗa, tsadar haya ta kori mai ƙaramin ƙarfi zuwa nesa, sai kowa ya dinga ƙona mai safe da yamma don ya kai wurin aiki, saboda haka gara mutum ya zauna kusa da inda yake neman abincinsa. Mai takardun kuwa ya bar ƙatuwar motarsa a kunne a ƙofar shago fiye da awa guda, wai don kada cikinta ya yi zafi kafin ya fito. Na dube shi, na dubi motar, na haɗiye abin da ya zo mini baki saboda ciniki ya kawo mana. Amma maganar takardar ta zauna mini a zuciya. Ga shi har masu ilimi sun goya mini baya, ya kamata in koma Maraɗi.

Ba a yi mako biyu ba sai wani dillalin filaye, wanda ya saba zuwa shagonmu a yi masa kwafin takardu, ya shimfiɗa mini taswira a kan tebur. Sabuwar unguwa ce a bayan gari, an yanka ta fili-fili, farsel-farsel muke cewa, kowane da lambarsa. Ya nuna mini inda masallaci zai zauna, inda za a yi lakkwal, wato makarantar boko, inda kwalta za ta bi.

“Madam, haya asara ce,” in ji shi. “Ki sayi naki, ki gina ɗaki guda ki shiga, saura a hankali. Wanga na kusurwa shi na ajiye miki. In kin yi sanya wani ya ɗauke.”

Kuɗin da ya faɗa bai kai na cikin gari ko kusa ba, amma ya fi ɗan abin da na tara. Abu ɗaya nake da shi a duniya da zai cike, shi ne lambun da na gada wurin mahaifiyata.

Lambun ba wani babba ba ne. Yana bakin tabki, da rijiya a tsakiya, da layin zogala, da mangwaro uku da marigayiya ta dasa da hannunta tun ina goye. Da rani maigidana kan sa tumatir da albasa da salati, daga nan miyarmu take fitowa, har a raba wa maƙwabta. Akwai wani Alhaji ɗan kasuwa a Ɗan Issa da ya daɗe yana zawarcin wurin. Na aika masa, ko kwana bai yi ba ya ce yana so.

Maigidana ba mai yawan magana ba ne. Da na gama zayyana masa, har da labarin hayaƙi da zafin duniya don in ƙara wa maganata nauyi, sai ya ci gaba da goge wani ƙarfen inji da tsumma, can ya ce:

“Lambunki ne. Amma tsaya in tambaye ki. In munka koma can, ni kullum sai in hau moto in taho nan aiki in koma. Ke daga bayan gari sai kabu-kabu shi kai ki kasuwa shi maido ki. Yara kuma kahin a gina lakkwal ɗin takarda, sai adaidaita. Yanzu kau mota guda ke kwashe ku ku duka. To, wane hayaƙi ya hi yawa?”

Na ce masa shi bai karanta takardar ba, kada ya sa mini baki a abin da bai sani ba. Gaskiyar magana, haushi na ji don ya kama ni.

Saura Baba, mahaifina. A garinmu ba a sayar da ƙasar gado ba tare da babba ya zauna shaida ba, Alhajin ma da kansa ya ce ba zai miƙa kuɗi ba sai a gaban mahaifina. Baba masunci ne, tsufa ya fitar da shi daga ruwa, yanzu sai gyaran raga a gindin itacen bedin ƙofar gidansa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Na je masa da shirin faɗa, na tanadi amsar duk abin da zai ce. Ya saurare ni har na ƙare, hannunsa bai bar raga ba.

“Uwata, gadonki ne, ba ni hana ki,” ya ce. “Abu guda nike roƙo. Ki kai ni in ga wurin da idona kahin ki amshi ko dala.”

Na yi murna, na ɗauka na ci nasara da sauƙi.

Ranar Lahadi da safe muka tafi, ana tsakiyar bazara, ƙasa ta bushe ƙamas. Baba direba ya kai mu Maraɗi, muka shiga adaidaita tare da dillali har inda hanya ta ƙare, sauran muka taka da ƙafa. Wurin fili ne shimfiɗaɗɗe, ba tudu ba kwari a idona, an kafa ƴan duwatsun siminti a kusurwoyi. Can da nan mutane sun fara tayar da katanga, har akwai gida biyu ko uku da aka shiga. Na tsaya a tsakiyar farsel ɗin kusurwa ina ganin ɗakina, ina ganin inda zan sa murhu, ina ganin kaina na dawo cin abincin rana tare da yarana. Daɗi ya cika ni.

Dillali ya warware taswirarsa, iska na kaɗa ta, ya fara yi wa Baba bayani. Baba bai yi boko ba, ko kallon takardar bai yi ba. Ya ja sandarsa ya nufi wata bagaruwa da ke nesa kaɗan, ya daɗe yana shafa jikinta, ya sa hannu daidai wani wuri inda launin ɓawon ya sake, ya auna da jikinsa, ya zo masa wajen gwiwa. Ya dawo yana tafe yana caka sanda a tsagewar ƙasa. A cikin filina, daidai inda na sa murhu a zuciyata, ya durƙusa ya tona kaɗan, ya tsinci wani abu ya hure shi.

“Ɗana,” ya ce wa dillali, “masu gonar ga da, hatsi sunka noma nan ko shinkahwa?”

Dillali ya yi dariya ya ce ai wannan tsohon zance ne, yanzu za a yi magudanar ruwa, komai na cikin tsari.

Baba bai ja da shi ba. Ya kamo hannuna ya buɗe tafin, ya ajiye mini abin da ya tsinto. Katantanwa ce, ƙwaryar dodon koɗi, fara fat, irin wadda muke wasa da ita a bakin tabki muna yara. Da na duba ƙasa da kyau sai na ga ba ita kaɗai ba ce, ga su nan birjik a cikin tsagewar.

“Uwata, dodon koɗi bai da moto,” in ji Baba. “Ba ya zuwa aiki Maraɗi shi koma gida awa ke. Inda kinka ga ƙwaryarshi, nan ne gidanshi. Wanga wuri na ruwa ne, bulaguro ya yi, yana dawowa.”

Kunya ta kama ni a gaban dillali, kunyar ta koma fushi. Na ce, “Haba Baba, ga takarda, ga hatimi, ga mutane sun gina. Duk ba su da hankali ne?”

“Suna da hankali,” ya ce. “Ruwa ne bai shiga lakkwal ba, bai iya karanta takarda.”

Daga nan ya ce shi ba zai zauna shaidar a sayar da lambu don a sayi wannan wuri ba. In wani wurin na samu mai tudu, in zo in ɗauke shi ya gani. Wurin mai tudu kuwa na riga na san kuɗinsa, ko lambu biyu na sayar ba zan kai ba.

Haka muka dawo Madarumfa. Na yi watanni ina cika ina batsewa. Gaisuwa ba a fasa ta, ina zuwa in durƙusa in gaishe shi, amma ba na zama, kuma tuwon da na saba kai masa da hannuna sai na koma aikawa. Dillali ya daina yi mini fara’a, ya ce an sayar da na kusurwa. Alhajin Ɗan Issa ya aiko sau biyu ya gaji. Katantanwar kuwa tana cikin jakata, ban san me ya hana ni jefar da ita ba. Ina jin na ajiye ta ne don ranar da zan mayar wa Baba in ce masa ga abin da ya hana ni gida.

Da damina ta yi tsakiya, bayan an kwana biyu ana tafka ruwa, na ce yau ce ranar. Lokacin hutun azahar na fita daga shago ban gaya wa kowa ba, na tari ɗan kabu-kabu na kwatanta masa wurin. Fatana in tarar da shi a bushe, in ga wani ya gina ɗakinsa a filina yana shan iska, in samu abin gorantawa.

Tun kafin mu kai inda adaidaita ta sauke mu a wancan karon, ɗan kabu-kabu ya taka birki ya sauke ƙafa.

“Hajiya, nan moto ba ta wucewa. Sai dai jirgi.”

Na sauka na taka har laka ta kama mini takalmi. Ruwa ne shimfiɗe, kwaɗi na ta kuka da rana tsaka, balbelu sun jeru a kan wata katanga da aka tayar rabi. Duwatsun siminti ko ɗaya ba a gani. Bagaruwar nan tana tsaye a cikin ruwa, kuma ruwan ya tsaya mata daidai inda Baba ya sa hannu. Daga ɗaya daga cikin gidajen da aka shiga, wata mata ta fito ta naɗe zane zuwa gwiwa, da katifa a ka, da goyo a baya, tana lalube da ƙafa. Ta zo ta wuce ni, muka gaisa, na yi mata jaje, ta ce, “To, ya za mu yi? Haya ta kore mu.” Sa’ata ce, ko ta girme ni da kaɗan ne. Ba wauta ce ta kai ta can ba, abin da ya kore ta shi ya kore ni. Na tsaya ina kallon bayanta, ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

Da yamma daga tasha ban nufi gida ba. Na sayi goro mai kyau na wuce wurin Baba. Yana gindin bedi da ragarsa. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye goron, wannan karon na gyara na zauna. Ya dubi gefen zanena inda baƙar laka ta bushe, irin wadda babu ita a hanyar kasuwa.

“Kin tahi ke nan.”

“Na tahi, Baba.”

“Ya kai ina?”

“Ya ruhe duwatsun.”

Ya gyaɗa kai, ya ɓare goro ya miƙo mini rabi. “Akwai tarwaɗa ciki? Da kin saya, da na taho da raga mun ci riba.”

Na yi dariya har na ƙware. Shi ke nan, ba wanda ya ce wa wani yi haƙuri, kuma washegari da hannuna na kai masa tuwo.

Ba zan ce hanya ta yi sauƙi ba daga ranar. Motar Baba direba tana nan da tarinta da hayaƙinta, ƙarnin kifi kuma bai bar zanena ba. Sai dai da esansi ya yi tsada, da yawa daga masu zuwa Maraɗi a kan moto sun jingine ta a gida sun dawo cikinmu, yanzu motar kan cika da wuri, mu tashi da wuri. Ba don tausayin duniya suka yi ba, aljihu ne ya koya musu, amma in na tuna takardar mutumin nan mai ƙatuwar mota sai in ce ko ba komai hayaƙinmu guda ne muke rabawa. Mai shago kuma, da na yi masa magana ido da ido, ya yarda in dinga tashi da la’asar ranar Laraba da Asabar. A waɗannan ranaku nakan iske yarana a lambu, autar tana bin babanta da bokitin da ya fi ƙarfinta, ta jiƙe kanta fiye da yadda ta jiƙa albasa. Ina zama a gindin mangwaron mahaifiyata in cire takalmi, iskar tabki tana bugo ni, in ji ba abin da ya dame ni.

Ɗan abin da na tara don farsel yana nan bai tafi ko’ina ba. Da rani ya zagayo muka yi shawara da maigidana mu gina ɗakin siminti guda a cikin gidanmu, a kangon da ke bayan rumbu, don yaran sun girma. An kawo yashi, an kawo bulo, magini ya zo da igiyarsa zai ja layi. Na ce ya dakata. Na je da kaina na taho da Baba.

Ya san abin da nake so, bai tambaya ba. Ya zaga kangon a hankali yana caka sanda, ya tsaya nan, ya tsaya can, magini na kallonsa yana mamakin abin da tsoho ke nema. A tsakiya ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara, ya tona, ya damƙo ƙasa cike da hannu. Ya miƙe ya kamo hannuna kamar wancan karon, ya buɗe tafin, ya zuba mini. Jan rairayi ne tsantsa, ya zurare ta tsakanin yatsuna bai bar komai ba.

“Babu kowa nan, Uwata,” ya ce. “Gina.”